Tukunyar da Na Gwada

Mijin Auta ya zaɓo tukunyar kashe gobara, ni na lalata ta.

Ni kafinta ne. Shekara talatin da huɗu ina aiki a garejin da ke jikin gidana. Wanda ya gina gidan don mota ya yi shi. Ni ban taɓa mallakar mota ba, sai na kafa benci a ciki. Daga baya babban ɗana, wanda duk gidan ke kira Yaya, ya sami motar haya, na raba wurin biyu. Hagu nawa, dama nasa. A nawa ɓangaren akwai katako a jingine, garin katako a ƙasa, galan uku na tina da nake sirka fenti da ita, gwangwanayen fenti, da soket biyu. A bakin ƙofa akwai bokitin yashi. Bokitin nan ya girmi Auta.

Auta ce 'yata ta ƙarshe. Kowace Asabar takan zo da mijinta da 'yarsu su wuni a wurinmu. A cikin 'ya'yana ita kaɗai ke shigowa gareji ba tare da an kira ta ba, ta sami wuri ta zauna, in na yi kuskure ta faɗa mini a fuska. Sauran tsorona suke ji. Ita halina ta kwaso, har da taurin kan. Duk mako ranar nake jira, amma ban taɓa gaya mata ba.

Mijinta yana riƙe da sito a wani kamfanin katifa, shi ya sa muke ce masa Sito. Mutum ne mai sanyi, ba ya haɗa ido da ni. A wurin aikinsu ana koya musu sha'anin wuta sau biyu a shekara, don soso in ya kama ba ya jiran kowa.

Wata Asabar ya tsaya a bakin gareji, ya daɗe yana kallon galan ɗin tina.

Ya ce, "Baba, wurin nan yana son tukunyar kashe gobara."

Na ce, "Ga yashi."

"Yashin yana da amfani, Baba. Amma in tina ta kama a saman benci, bokiti ɗaya ba zai kai ko'ina ba."

"Shekara talatin ba ta kama ba."

Auta tana zaune kan wani guntun katako. Ta ce, "Jira take ka tsufa. To ga shi ka tsufa."

Yaya yana ƙarƙashin motarsa, na ji dariyarsa ta fito daga can. Da wani ne ya faɗa mini haka da ya ji ba daɗi. Ita sai na ce, "Kin fi ƙarfina." Aka tsayar da magana.

Asabar ta zagayo muka tafi sayen tukunyar, ni da Sito. Shagon yana layin masu kayan gini. Ɗan siriri ne, mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace. Jajayen tukwane a jere tun daga ƙasa har rufi, manya da ƙanana. Mai shagon ƙato ne, da tabarau rataye a wuya.

Na nuna wata doguwa. "Wannan me ke cikinta?"

"Ruwa."

"Ita nake so. Ruwa na sani."

Sito ya ce, "Baba, da katako ne kaɗai da ta yi. Amma ruwa in ya sauka kan tina mai ci, ɗaukar wutar yake ya yaɗa ta. Ga kuma lantarki."

Mai shago ya ciro wata mai baƙin baki, buɗaɗɗe kamar ƙaho. Ya ce, "To ga wannan. Iska ce mai sanyi a ciki. Ba ta ɓata kaya, ba ta barin datti."

Ta burge ni, don ni ba na son datti a kan aikina. Sito ya girgiza kai. Ya ce wannan ta ofis ce, ta wurin na'urori. Tana kashe harshen wuta, amma garwashin da ya shige cikin garin katako sai ya jira iskar ta wuce ya sake tashi. Mai kumfa ma ya ture ta gefe, ya ce ba ya son ta kusa da soket. A ƙarshe ya ɗora hannu kan wata gajera mai kauri.

"Mai hoda, kilo shida. Katako, mai, lantarki, duk ukun tana yi. Ƙarama kafin ka saita hannu ta ƙare. Wadda ta fi wannan girma kuma Mama ba za ta iya ɗagawa ba."

Har da uwarsu ya lissafa. Ni ban tuna da ita ba.

Mai shago ya ce, "Tsoho, surukinka ne? Ka yi dace. Ya fi ni sanin kayana."

Maganar ba ta yi mini daɗi ba. A gaban baƙo, a kan wurin aikina, yaron da aka haifa ina riƙe da zarto shi ke zaɓa ni ina kallo.

Na ce, "To a gwada ta."

Mai shago ya yi dariya har tabaraunsa na tsalle a ƙirjinsa. "Ai ba rediyo ba ce, tsoho. Ba a gwadawa."

Sito ya nuna mini ɗan agogon da ke wuyanta. "Wannan allurar ita ce shaida, Baba. Muddin tana kan kore, lafiya lau take. Ga ƙusa mai zobe, ga zaren roba da ya ɗaure ta. Kada a zare sai ranar wuta, domin in aka matsa ko sau ɗaya ne..."

"Na ji."

"Abin da nake so in ce, Baba..."

"Na ce na ji."

Ya haɗiye sauran. Abin da ya rage ya faɗa bai fi kalma goma ba. Na sha ƙirga su daga baya.

Da muka dawo na so a ajiye ta ƙarƙashin benci, kusa da hannuna. Ya ce a'a, nan ne wutar za ta fara tarewa. A rataye ta a bakin ƙofa, yadda mai ɗauka zai sami hanyar fita a bayansa. Ya ari injin hudana ya huda bangona, ya ɗaura maƙalin. Ya karkace kaɗan, kamar faɗin farce. Da suka tafi na kwance na sake ɗaurawa.

Akwai abin da ya kamata a sani game da ni. Maigidan da ya koya mini aiki yana da doka ɗaya: kayan aiki ba ya kwana a shago sai an gwada shi. Sabon zarto, ka yanka guntu. Sabon gam, ka manna guntaye biyu, gobe ka ɓalle ka ga inda ya rabu. Sabon tsani, ka hau da kanka kafin ka miƙa wa wani. Wanda ba ya gwaji, a wurinsa ba ma'aikaci ba ne, mai zaman fata ne. Na sha mari a kan wannan doka har ta zauna mini a jiki. Da ita na yi suna. Kujerar da na yi ba ta taɓa karyewa da mutum ba. To ga wani jan abu a bangona, an ce rayuwata na iya rataya a kansa, kuma an ce in yarda da allura.

Washegari da hantsi na sauke ta. Na ja zoben, zaren roba ya tsinke. Na nufi kusurwa da bakin tiyon, na matsa sau ɗaya na saki. Bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Hoda ta fito da ƙarfi har ta kori garin katako daga ƙasa, ta tashi ta rufe mini wando. Na ce a raina, madalla, yaron ya iya zaɓe. Na mayar da ƙusar, na yanko zaren da nake jan layi da shi na ɗaure ta, ƙulli biyu irin nawa. Na duba allura, tana kan kore. Na share wurin tas, na rataye ta, hankalina ya kwanta.

Ban sake dubawa ba. Na mayar da ita marataya, rigar aikina a kanta take kwana. Duk farkon wata Sito yakan tambaya daga bakin ƙofa.

"Baba, allura fa?"

"Tana nan."

Sau ɗaya ya kai hannu zai ɗaga rigar. Na ce, "Ka ɗauka ban san kore ba?" Ya janye hannun. Bai ƙara ba.

Bayan wata bakwai wutar ta zo. Asabar ce, an gama cin abincin rana. Ina ƙarasa wani kabad, gwangwanin tina a buɗe a kan benci. Soket ɗin da ke sama da bencin ya daɗe yana rawa, na sani, kullum gobe. Na soka injin goge katako, ya yi tartsatsi. Kafin in juyo bencin ya zama wuta tun daga wannan kai har wancan.

Yaya yana wanke mota a waje, gabanta daf da bakin gareji. Ya shigo a guje da bokitin ruwa. Sito ya riga shi, ya riƙe masa hannu.

"Kada ka watsa, Yaya, tina ce. Ku ja baya."

Ya yar da rigata, ya fizgo tukunyar, ya ja zoben. Ya matsa kusa har taku uku, ya durƙusa kaɗan, ya saita gindin wutar. Duk yadda aka koya masa haka ya yi, ko ni na ga tsarin. Ya matsa.

Ta yi wani ɗan huci. Hoda kamar cikin cokali ta zubo a kan takalminsa.

Ya girgiza ta ya sake matsawa. Babu komai.

Bai tsaya mamaki ba. Ya yar da ita ya nufi galan ɗin tina, don in suka kama, gidan ne zai tafi. Ya fito da na farko. Ya fito da na biyu. Na ukun wuta ta riga ta lashi jikinsa, hannun galan ɗin ya fara narkewa, haka ya ɗauko shi ya jefar a tsakiyar titi. A nan hannayensa suka ƙone.

Mai walda na maƙwabta ya kashe wutar lantarki daga waje. Mutane suka yi ta ɗibar yashi daga ginin da ake yi a tsallaken titi. Kafin 'yan kwana-kwana su iso an ci ƙarfinta. Benci ya tafi, kabad ya tafi, rabin rufi ya tafi. Gaban motar Yaya ya babbake, gilashi ya tsage, taya ɗaya ta narke. Gida bai taɓu ba.

Muka tsaya a ƙofar gida, mutane sun fi ashirin. Sito yana zaune a bakin kwalbati, hannayensa cikin roba mai ruwan sanyi, Auta ta durƙusa tana riƙe da robar. Ana jiran motar da za ta kai shi asibiti. Yaya ya zagaya motarsa sau biyu, ya dawo ya shuri jar tukunyar ta gangara har gaban Sito.

"Ga kayanka, malam masani. Saboda wannan gwangwanin ka riƙe mini hannu? Ka kwaso wa tsoho jabu, ka zo kana yi mana lacca wata bakwai."

Sito ya ce, "Ba jabu ba ce, Yaya."

"To aljanu suka shanye ta?"

Mai walda ya ce, "Kasuwa cike take da irinsu. Jan fenti ne kawai." Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Wata mata ta ce abin kunya, a cuci kowa ban da suruki.

Auta ta ɗago kai ta dube ni. "Baba, tare kuka je. Ka ga shagon, ka ga allurar da idonka. Ka yi magana."

Kowa ya juyo. A lokacin na tuna hantsin nan da hodar da ta rufe mini wando. Ban tabbatar ba. Amma na tuna. Ga maƙwabta, ga waɗanda na yi wa ƙofofi da gadaje, ga ɗana da motarsa ta ƙone. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa cewa kafinta ya yi wauta ba.

Na ce, "Ni ban san kan abin ba. Shi ya zaɓa."

Sito ya ɗago ya kalle ni. Wannan ne karo na farko da ya haɗa ido da ni. Ya mayar da kansa ƙasa.

Yaya ya ce, "Kun ji. Daga yau kada ka ƙara sa bakinka a harkar gidan nan. Ka tsaya wurin ƙirga katifa."

Mota ta zo. Auta ta taimaka masa ya shiga, ta ɗauki 'yarta, ta rufe ƙofa. Ba ta yi wa kowa sallama ba.

Asabar ta zo, ba su zo ba. Ta biyun ma haka. Da uwarta take waya, ni sai dai a ce tana gaishe ni, ban kuma san ko ita ta ce ko uwar ce ta ƙara ba. Labarin hannun ma a bakin uwar nake ji. Na hagu yana warkewa. Na dama yatsu biyu sun ƙi lanƙwasa, likita ya ce sai a hankali.

A mako na uku na sa tukunyar a buhu na tafi layin masu kayan gini. Faɗa na tafi yi. Ina so ta zama jabu. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so wannan ba.

Na dire ta a gaban mai shago. "Kayanka ya ci amana. Shagona ya ƙone."

Bai yi musu ba. Ya sa tabarau, ya ɗaga ta ya jijjiga a kusa da kunnensa. "Cike take da hoda, tsoho. Iskar da ke turo ta ce ta gudu." Ya juya wuyanta. Wani guntun zare yana nan maƙale a jikin hannun, da ƙullinsa. Ya kama shi da yatsu biyu. "Wannan ba zarenmu ba ne. An taɓa zare ƙusar kafin ranar."

Na kawar da idona daga ƙullin.

Ya ce, "In aka matsa ko sau ɗaya, ƙwayar hoda sai ta zauna a bakin murfin ciki, ba ya ƙara rufewa ruf. Iskar ta dinga zurarewa kaɗan-kaɗan. Ranar farko allura tana kore. Bayan 'yan kwanaki ta faɗi. Shi ya sa na ce maka ba a gwadawa. Wanda ya matsa, sai ya kawo a sake cikawa, aikin rabin awa ne. Wa ya matsa?"

Na ce, "Yara."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Allah ya shirya yaran. Sun iya ƙulli."

Na mayar da ita buhu na dawo da ƙafa, ban hau mota ba. Na cusa ta bayan ƙonannun alluna.

Wata biyu na yi da wannan magana a cikina. Na gyara rufi. Na canja waya da soket. Yaya yana gyaran motarsa a gefena, kullum sai ya jefa wa Sito magana, masani kaza, masani kaza. In mai walda ya leƙo su haɗu su yi dariya. Ni ina buga ƙusa. Sau da yawa na ajiye guduma na buɗe baki, sai in ce a miƙo mini tef.

Wata safiya uwarsu ta kawo mini shayi, ba ta koma ba. Ta ja kujera ta zauna.

"Malam, har yaushe?"

"Har yaushe me?"

"Ni na wanke wandonka ranar nan. Farar hoda har gwiwa. Na tambaye ka, ka ce siminti ne. Yaushe ka fara gini?"

Na ajiye kofin. "Kin sani, me ya hana ki faɗa?"

"Ba bakina ya kamata ta fito ba. Na ɗauka kwana biyu za ka yi ka sauko." Ta gyara zama. "Shi ma ai ya sani."

"Wa?"

"Wanda ya zare ƙusar da hannunsa. Ya bar zaren roba, ya zo ya tarar da zarenka. Makaho ne?"

Wannan bai taɓa zo mini ba. Wato yana zaune hannayensa cikin ruwa, ana ce masa macuci a gaban matarsa da 'yarsa, ya san komai. Kallon da ya yi mini ke nan.

Na ce, "Auta fa?"

"Da ta sani da ka ji a jikinka."

Ranar ban yi aiki ba. Da rana ta yi sanyi na sa riga mai kyau na tafi gidan Auta.

A hawa na biyu suke haya, ɗaki biyu da falo. Sau biyu na taɓa zuwa tun da suka tare. Na huta sau ɗaya a matakala. Jikata ce ta buɗe ƙofa.

"Mama, ga Kaka ya ɓata hanya."

Sito ya taso da sauri ya durƙusa. An cire bandeji. Fatar bayan hannun ta yi sumul tana ƙyalli, ja a wani wuri, fari a wani. Ya kawo mini ruwa da hannun hagu, na daman yana tallafe da gindin kofin. Auta ta fito daga kicin da tsumma a hannu, ta gaishe ni yadda ake gaida baƙo, ta tsaya a jikin ƙofa. Aka tura yarinyar ɗaki.

Na shirya magana a hanya, mai tsawo. Da na zauna duk ta gudu.

Na ce, "Tukunyar nan ba jabu ba ce. Ni na matsa ta, washegarin da aka rataye. Gwadawa na yi. Iskar ta zurare."

Sito ya ce, "Ba komai, Baba. Ya wuce. Allah ya tsare gaba."

Auta ba ta motsa ba. Ta dubi mijinta. "Yadda ka amsa, ba yau ka ji ba."

"Na ga zaren."

"Yaushe?"

"Ranar."

"Ka gani, ka zauna Yaya yana wanke ka a bakin titi?"

"Mahaifinki ne. Ga mutane. In ce me?"

Ta naɗe tsumman a hannunta, ta warware. Sannan ta juyo wurina.

"Baba, lokacin da na ce ka yi magana, ka sani?"

"Ban tabbatar ba."

"Amma ka tuna ka matsa."

"Na tuna."

"Yaushe ka tabbatar?"

"Wata biyu ke nan."

Ta ce, "Wata biyu." Ta faɗa a hankali, kamar tana auna shi. "Mako biyar ina ba shi abinci a baki. Ni nake ɓalla masa maɓallin riga. A wurin aiki har labarin ya kai, wai wanda ake koya wa kashe wuta ya saya wa surukinsa jabu. Duk wannan ina ce wa kaina Baba bai sani ba ne, tsufa ne, tsoro ne ya kama shi ranar. Har faɗa na yi da wannan don ya ce in daina fushi da kai."

Sito ya ce, "Ya isa haka."

"Bai isa ba. Baba, ka gaya wa Yaya?"

"Zan gaya masa. A hankali. Kin san halinsa."

"Mai walda fa? Da matar da ta ce an cuci suruki? Da sauran?"

"Wannan maganar cikin gida ce."

"A bakin titi aka yi ta."

Abin da ya kamata in ce guntu ne. In ce to, tashi mu je yanzu, in tara su in faɗa. Yana bakina, na ji shi a kan harshena. Da na faɗa, da a mota ɗaya za mu koma. Sai na hango kaina a ƙofar gida, mai walda yana kallona, Yaya yana kallona.

Abin da ya fito shi ne, "Ni ubanki ne. Na tako har nan da ƙafata. Ban taɓa taka wa kowa ba."

"Na sani, Baba. Sannu da hanya."

Na miƙe. Gwiwata ta ƙi, Sito ya kawo hannu zai tallafe ni, na daman, sai ya tuna ya canja. Na kama kujera na tashi da kaina.

Na ce, "Abin da ya wuce ya wuce. Uwarku tana cigiyarku. Ku zo ranar Asabar, a zauna a ci abinci kamar da. Zan sa yayanki ya kama bakinsa."

Sito ya ce, "To, Baba, in Allah ya..."

Auta ta ɗora hannu a kafaɗarsa. Ta buɗe mini ƙofa, ta matsa gefe don in wuce. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ba za mu zo ba, Baba."